Kuɗin Ganin Gida a Legas: Wa Ya Ɗauki Dillali Aiki, Wa Ya Kamata Ya Biya Shi?

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Legas ya san cewa kuɗin farko da yake fita daga aljihunsa ba mai gida ne yake karɓa ba, dillali ne, kuma yakan fita ne tun mutum bai ga ƙofar gidan ba, balle ya san ko zai iya zama a cikinsa. Wasu dillalan suna ce masa kuɗin ganin gida, wasu su ce kuɗin mota, wasu kuma su miƙo wa mutum takarda ya rubuta sunansa da irin gidan da yake so, su ce kuɗin fom ne ko na rajista. A unguwannin masu ƙaramin ƙarfi yakan fara daga naira 2,000 ko 3,000, a wasu wuraren ya kai 5,000 ko 10,000, a yankin Lekki da Ajah kuwa yakan haura haka, kuma ko an dace ko ba a dace ba, ba a mayar da shi. Masu neman haya suna kallonsa a matsayin ci da gumin talaka, su kuwa dillalai suna cewa nasu gumin ne ake biya. Abin da ya hana gardamar ƙarewa shi ne ana tambayar halaccin kuɗin a dunƙule, alhali amsar ta rataya ne a kan abu biyu da ba kasafai ake tsayawa a tantance su ba: wane ne ya ɗauki dillalin aiki, kuma wane aiki ne takamaimai ya yi alkawarin yi da kuɗin da ya karɓa.

Akwai wani kuɗin bincike da bai kamata a cakuɗa shi da wannan ba. Wanda zai sayi fili ko gida a Legas yana buƙatar lauya ko wani ƙwararre ya je masa ofishin rajistar filaye da ke Alausa a Ikeja, ya duba ko takardar mallakar da aka nuna masa ta gaskiya ce, ko an jinginar da gidan a banki, sannan a kai taswirar filin ofishin babban safiyo na jiha a tabbatar ba ya cikin filayen da gwamnati ta riga ta karɓe. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma wajabta neman amincewarsa kafin mallaka ta tashi daga hannu zuwa hannu. Kuɗin da ake kashewa a wannan bincike yana da rasit, yana da rahoton da ake kawo wa mai saye a rubuce, kuma wanda ya yi ƙyashin biyansa a garin da ake sayar wa mutum uku fili ɗaya, shi ya so wa kansa. Wannan ba abin gardama ba ne.

Shi kuwa kuɗin ganin gida, ba a gane nauyinsa sai an ajiye shi kusa da sauran abubuwan da ake ɗora wa ɗan haya. A ɗauka magidanci ya sami ciki da falo mai kicin da banɗaki a Agege ko Ketu a kan naira 1,200,000 a shekara. Bayan kuɗin hayar za a ce ya kawo la'adar dillali, kashi 10 cikin 100, wato 120,000. Sai kuɗin yarjejeniya, wanda ake cewa na lauya ne, shi ma kashi 10, ko da kuwa takardar da za a ba shi kwafi ce da aka buga a shagon kwamfuta aka cike gurbin sunansa da biro. Sai kuɗin ajiya saboda ɓarna, a ce 100,000, wanda da wuya ya dawo ranar tashi. Kafin makulli ya shiga hannunsa ya biya 1,540,000, in ma ya haɗu da masu sauƙin hali ke nan, domin akwai masu neman kashi 15 ko 20. Idan kuma kafin ya dace da wannan gida ya bi ta hannun dillalai 6, kowanne ya karɓi 5,000, to 30,000 sun tafi a kan gidajen da bai kwana a cikinsu ba, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashin da gwamnatin jihar ta sanar a watan Oktoba na 2024, naira 85,000. Ba a lissafa kuɗin motarsa ba, ba a lissafa na dillalin ba wanda sau da yawa shi ma a kansa yake faɗawa, ba a kuma lissafa yinin da ya bar shagonsa a hannun yaro ba.

Duk da haka, wanda zai yi adalci dole ne ya saurari dillali, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Legas gari ne da tafiyar kilomita 10 take iya cinye rabin yini. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin danfo, wato ƙananan motocin bas na haya, da na Keke Napep suka ninka, kuma hana acaɓa da gwamnatin jihar ta yi a ƙananan hukumomi irin su Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa a watan Yuni na 2022, daga baya ta ƙara da Mushin da Kosofe da Oshodi-Isolo da Somolu, ya rufe hanyar da dillali yake bi a da ya zaga gida huɗu kafin azahar. A yawancin gidaje sai ya ɗan sallami maigadi ko mai kula da gidan kafin a buɗe masa ƙofa. Sannan ba kowane mai neman gida ne da gaske yake ba: akwai wanda kuɗinsa ba su haɗu ba sai bayan wata huɗu amma yana so ya san farashi, akwai wanda yake so ya gwada gidan da yake ciki da na wasu don ya sami bakin yin ciniki da mai gidansa, akwai kuma mai yawon buɗe ido kawai. Mafi ciwo a wurin dillalai shi ne wanda za a kai shi ya ga gida ya ce bai yi masa ba, washegari ya zagaya ya sami mai kula da gidan su daidaita a bayan idon wanda ya kawo shi. Nan ne za ka ji suna cewa an mayar da su kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ko la'adar ma da ake gani da yawa, ba mutum ɗaya ne yake cinye ta ba, saboda gida guda yakan bi ta hannun dillalin da mai gida ya ba, da wanda ya ji labari a wurinsa, da wanda ya kawo ɗan hayar, a raba 120,000 gida uku ko huɗu. Dillalin da ya yi wata guda yana zirga-zirga ba tare da ciniki ya faɗa ba, in ba ya karɓar komai a hanya, daga aljihunsa yake ciyar da sana'ar.

Matsalar tana farawa ne daga abin da wannan kuɗi yake yi wa sana'ar kanta idan ya zama al'ada. A sake ɗaukar lissafi. Dillalin da yake samun mutum 10 a mako, kowanne ya ba shi 5,000, ya haɗa 50,000 a mako, 200,000 a wata, ba tare da ya sama wa ko mutum ɗaya gida ba. Rabonsa na la'ada a gidan da aka ambata a sama, idan an raba uku, 40,000 ne. Da zarar lissafi ya koma haka, abin da yake sayarwa ya tashi daga samar da gida ya koma nuna gida, kuma gidan da aka bayar haya ya zama asara a wurinsa, domin ya rasa abin da zai riƙa kai mutane suna gani. Ba sai mutum ya kasance mugu ba kafin wannan lissafi ya karkatar da shi. Daga nan ne ake samun allon da aka rubuta jerin gidaje da alli a bakin shago, aka yi wata uku ba a goge ko ɗaya ba, da hotunan da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp na ɗaki mai tayil da silin mai sheƙi a farashin da kowa ya san babu shi a unguwar. Mutum ya biya, a hau mota, a isa layin, sai dillali ya ɗaga waya ya yi 'yar magana, ya juyo ya ce, "Ayya Alhaji, wallahi jiya da daddare wani ya biya wannan, amma akwai wani a bayan layi, mu je ka gani." A je bayan layin a tarar da ɗakin da ruwan damina ya yi wa zane a bango har gwiwa, tagarsa tana kallon kwata, rijiyar gidan kuma ta ƙafe. Idan mutum ya ce bai yi masa ba, an gama aikin da ya biya, in yana son ganin wani sai ya sake sa hannu a aljihu. A wannan ciniki dillali bai yi asarar komai ba, kuma ba shi da wani dalili na kuɗi da zai sa ya tace gidajen kafin ya ɗauki mutum.

Bahaushe ba baƙon dillanci ba ne, kuma tsarin da ya gada ya bambanta da wannan. A kasuwar shanu ta Oko-Oba dillali yana iya yini yana zagayawa da mai saye daga wannan sa zuwa wancan, yana buɗe baki ana duba haƙora, yana kai kawo tsakanin tayi da albarka, amma la'adarsa ba ta tabbata sai mai dabba ya ce ya sallama, kuɗi ya sauya hannu. Yinin da ba a yi ciniki ba ya shiga cikin lissafin la'adar yinin da aka yi. Saboda haka ne dillalin kara ba ya ɓata lokacinsa ya nuna wa mai neman ragon suna bijimin da ya fi ƙarfin aljihunsa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan bambanci, kuma rabe-rabensu ya fi duk wani ma'auni da na sani dacewa da matsalar Legas. Asalin ladan dillanci halas ne. Imam Bukhari ya ware masa babi a Sahihinsa, inda ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Amma biyan mutum a kan aiki yana zuwa ta fuska biyu. Akwai ijara, inda ake ɗaukar mutum a kan aiki sananne ko lokaci sananne da lada sananne, ya cancanci ladansa gwargwadon abin da ya yi. Akwai kuma ji'ala, inda ake cewa duk wanda ya kawo kaza yana da kaza, irin alkawarin kayan raƙumi guda da ya zo a aya ta 72 ta Suratu Yusuf. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Sakkwato har Agege, ta bayyana cewa ijara tana inganta ne idan an yanka mata lokaci an kuma ambaci ladan, ita kuwa ji'ala ba a yanka mata lokaci, kuma mai yin ta ba shi da komai sai aiki ya cika. La'adar kashi 10 ji'ala ce tsantsa: in an sami gida a biya, in ba a samu ba babu. Kuɗin ganin gida kuwa, idan yana da mazauni, to a ƙarƙashin ijara yake, wanda ke nufin sai an san aikin: gida nawa za a nuna, a wace unguwa, na wane farashi, cikin kwana nawa. Abin da ake yi a Legas shi ne dillali ya karɓi ladan ijara ba tare da ya ambaci aikin ba, sannan idan an dace ya karɓi ladan ji'ala cikakke ba tare da ya cire na farkon ba. Ya tsira daga hatsarin ji'ala, ya kuma tsira daga sharaɗin ijara, duk rashin tabbas ɗin ya koma kan mai neman gida. Yanke hukunci aikin malamai ne, amma ko ɗan kasuwa ya san cewa cinikin da ɗaya ya san abin da zai karɓa, ɗayan bai san abin da zai samu ba, ciniki ne mai tangarɗa.

Dokokin jihar ma sun nufi wannan alƙibla, ko da yake ba su kai ga magance ta ba. Dokar haya ta Jihar Legas, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu a 2011, ta hana karɓar hayar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku ga wanda ya saɓa, ta wajabta ba da rasit, ta kuma keɓe Apapa da Ikeja GRA da Ikoyi da Victoria Island daga huruminta. A cikinta akwai sashen da mutane ba su cika lura da shi ba, wanda ya ce ɓangaren da ya ɗauki ƙwararre aiki a kan yarjejeniyar haya shi ne zai biya shi. Da ana bin wannan sashe, da lauyan da mai gida ya sa ya rubuta masa yarjejeniya mai gida ne zai sallame shi, ba ɗan haya ba. A watan Fabrairu na 2022 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar hukumar LASRERA mai kula da hada-hadar gidaje da filaye, wadda ta wajabta wa dillalai yin rajista, ta kuma ƙayyade cewa ladan dillali a kan haya kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar. A 2025 jami'an ma'aikatar gidaje ta jihar sun fito sun ce kuɗaɗe irin na ganin gida da na ajiyar ɓarna dokar jihar ba ta san da su ba. A shekarar ce kuma Majalisar Dokokin Jihar ta ɗauko sabon ƙudirin dokar haya wanda ya ba da shawarar rage ladan dillali zuwa kashi 5.

A nan akwai abin lura. Rage la'ada zuwa kashi 5 zai faranta ran mai neman gida a takarda, amma idan aka rage ta aka bar kuɗin ganin gida ba tare da ƙa'ida ba, an matse dillali ne daga ɓangaren da yake sa shi ya kammala ciniki, an tura shi ɓangaren da yake sa shi ya yi ta yawo da mutane. Rabon da ya koma 20,000 daga 40,000 zai sa 5,000 ɗin bakin ƙofa ta ƙara daraja a idonsa. La'ada tana da rasit ko aƙalla shaidar tura kuɗi ta banki, ana iya kai ƙara a kanta; kuɗin gani kuwa hannu da hannu ake miƙa shi a bakin titi.

Wasu ƙasashen sun riga sun bi ta wannan hanya. A Ingila tun 1953 akwai dokar da ta mayar da shi laifi dillali ya karɓi kuɗi don kawai ya rubuta sunan mai neman gida da buƙatunsa, ko don ya ba shi adireshin gidajen haya, wato ainihin abin da ake kira kuɗin fom a Legas. Daga 1 ga Yuni, 2019 kuma wata sabuwar doka ta haramta yawancin kuɗaɗen da dillalai suke karɓa daga 'yan haya, ta ƙayyade kafin alƙalamin riƙe gida da kada ya wuce hayar mako guda. Jamus ta kafa ƙa'ida a 2015 cewa a harkar haya wanda ya ɗauki dillali shi zai biya shi. Masu suka sukan ce mai gida zai ɗora kuɗin a kan haya ne kawai, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, musamman a gari irin Legas inda masu neman ɗaki suka fi ɗakunan yawa nesa ba kusa ba. Sai dai akwai bambanci ko da kuɗin ya zagayo. Mai gida shi yake zaɓen dillali, yana da ikon ya yi ciniki da shi, ya rage masa, ya ƙwace gidan ya ba wani idan ya ga wasa. Ɗan haya ba shi da wannan iko, domin gidan da yake so a hannun mutum ɗaya yake, ko ya biya ko ya wuce. Farashin da mai iko yake biya yana sauka, wanda marar zaɓi yake biya kuwa hawa yake yi.

Saboda haka, a ganina, dillalin da mai gida ya damƙa wa gida ya ce ya nemo masa ɗan haya, shi kuma ya rubuta a allo ko ya sa a intanet yana kiran jama'a, ba shi da hujjar karɓar ko kwabo don ya buɗe ƙofar. Mai gida yake yi wa aiki, nuna gidan kuma shi ne aikin, kuma la'adarsa tana jiransa a ƙarshe. Iyaka abin da za a iya fahimta shi ne mai neman gidan ya kai kansa wurin da kuɗin motarsa. Halin ya sauya idan mutum ne ya je ya sami dillali ya ce masa, ina sayar da kayan gwari a Mile 12, ina son ɗaki biyu tsakanin Ketu da Owode, kusa da masallaci, inda ruwa ba ya shiga, kada ya wuce kaza, ka nemo mini. Wannan ya ɗauki ma'aikaci ne, ya tura shi ya taka ƙasa a madadinsa, kuma babu aibu a biya shi a kan wannan tun kafin a dace, matuƙar an faɗi yawan gidajen da za a gani da tsawon lokacin neman, an amince cewa gidan da aka tarar an riga an bayar ko ya saɓa wa siffar da aka faɗa ba ya cikin lissafi, an ba da rasit, sannan aka yarda cewa ranar da aka dace za a cire abin da aka biya daga cikin la'ada. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne yake rarrabe dillalai, domin wanda yake karɓar kuɗin don ya kare kansa daga masu ɓata lokaci ba zai ji komai ba idan aka ce a cire, tunda wanda ya kama gida ya riga ya nuna da gaske yake. Wanda ya ƙi kuwa ya bayyana cewa kuɗin ganin ne cinikinsa. Ita ma fargabar zagaye tana da maganin da ya fi karɓar kuɗi daga kowa saboda laifin wasu: mai neman gida ya sa hannu a 'yar takarda mai ɗauke da adireshin gidan da kwanan wata, cewa idan ya kama wannan gida ta kowace hanya la'adar wanda ya nuna masa tana kansa. Wayar hannu ma ta rage rabin hujjar kuɗin mota, tunda dillalin da gidan yake hannunsa da gaske yana iya ɗaukar bidiyonsa a ranar, ya nuna famfo yana zuba, ya nuna mitar wuta ko mai kati ce ko ta haɗaka, ya nuna layin da kwatarsa, kafin kowa ya taka ƙafa.

Akwai wata fuskar da ta fi shafar 'yan Arewa mazauna Legas. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu masu gidaje suna da sharuɗɗan da ba sa rubutawa: wani ba ya ba wanda ba ƙabilarsa ba, wani ba ya ba gwauro ko macen da ba ta da aure, wani yana tambayar yawan 'ya'ya, wani kuma sai ma'aikacin ofis mai albashi. Dillalin da yake hulɗa da mai gidan ya san waɗannan sharuɗɗa sarai. Idan ya karɓi kuɗin Bahaushe ɗan kasuwa mai iyali ya kai shi gidan da ya san ba za a ba shi ba, har mutum ya gani ya yaba, ya kira uwargida ya ce an dace, sannan washegari a ce masa Baba mai gida ya ce ɗan'uwansa zai shiga, to wannan ya wuce sakaci, yaudara ce. Tambayar da ya kamata ta riga kuɗi fita ita ce ko mai gidan ya san wanda za a kawo masa, kuma ya yarda. Wannan ne ya sa da yawa daga cikin mutanenmu a Agege da Idi-Araba da Obalende suka fi son bi ta hannun dillali Bahaushe ko wanda wani ɗan'uwa ya haɗa su, kuma hakan yana rage wahala ƙwarai. Illarsa ita ce kunya takan hana a nemi rasit ko a gindaya sharaɗi, ana ganin kamar zargin ɗan'uwa ne, sai magana ta lalace a rasa abin riƙewa in an je gaban Sarkin Hausawa ko shugaban kasuwa.

Hanyoyin neman hakki suna nan. Ana iya kai ƙorafi LASRERA, akwai cibiyar sasanci ta ma'aikatar shari'ar jihar da take sauraron rigingimun haya kyauta, akwai kuma kotun ƙananan basussuka da aka kafa a 2018 wadda take karɓar ƙarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba. Wanda aka karɓe wa hayar shekara a kan gidan da ba na mai karɓar ba ne zai bi waɗannan hanyoyi, har ya kai ga 'yan sanda. Amma babu mai rufe shago ya hau mota zuwa Alausa saboda naira 5,000, kuma dillalan da suke cin wannan kasuwa sun san haka. Ƙanƙantar kuɗin ita ce kariyarsu. Sana'ar kuma a buɗe take, duk wanda yake da waya da allo ya zama ejan, yayin da ƙwararrun da suke ƙarƙashin NIESV, ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye ta ƙasa, waɗanda hukumar ESVARBON take yi wa rajista, suka fi karkata ga manyan gidaje da ofisoshi, ba ciki da falon Oko-Oba ba. Ƙungiyoyin dillalai irin su ERCAAN suna da rassa a unguwanni, kuma su ne suka fi kusa da iya tsawata wa 'ya'yansu, idan suka fitar da fom guda mai ɗauke da lambar rajistar dillali, da adadin gidajen da za a nuna, da alkawarin cire kuɗin daga la'ada. A ɓangarenmu kuma, ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Mile 12 da na mahauta da kwamitocin masallatan Juma'a sun san dillalan da suka sama wa mutanensu gidaje lafiya, sun kuma san waɗanda suka yi ta yawo da su. Dillali ɗaya yana iya juya wa mutum ɗaya baya idan ya gindaya masa sharaɗi, amma da wuya ya juya wa ƙungiyar da take turo masa masu neman ɗaki duk wata, idan ta ce ga ƙa'idar da za ta riƙa tura 'ya'yanta a kai.